Jaka Iri Ɗaya, Kekuna Biyu: Nazarin Shirya Keken Kwalta da Keken Kuros Don Tafiyar Zango

Lamarin da za a duba a nan ya shafi kekuna biyu waɗanda ba a ƙera ko ɗaya daga cikinsu don ɗaukar kaya ba, amma aka so a yi tafiyar kwana huɗu da su, ta kimanin kilomita 520, wadda kashi ɗaya cikin biyar nata hanyar burji ce, sauran kuma kwalta. Ɗaya nawa ne, keken tseren kwalta mai firam na kabon da burkin da ke matse bakin gargare, lambarsa 56. Ɗayan na ƙanena ne, keken alminiyam mai lamba 52, na tseren nan da ake kira saikulokuros, wanda masu yin sa kan taƙaita su ce kuros. Niyyarmu ita ce mu kwana biyu a fili, mu kwana ɗaya a masauki, kowa ya ɗauki kayan da ba su wuce kilo shida ba idan an cire ruwa.

Tun farko muka ajiye batun kariya, wato ƙarfen ɗaukar kaya da ake ɗaurawa a bayan keke. Babu ko ɗaya cikin firam biyun da ke da ramukan notin da ake ɗaura ta, kuma ko da akwai, ƙafafun baya na keken tsere gajeru ne, tsawonsu bai cika wuce milimita 410 ba a keken kwalta, wajen 425 a keken kuros, don haka diddigen mahayi zai riƙa dukan jakar gefe a kowane juyi. Abin da ya rage shi ne jakunkuna masu laushi da ake ɗaurewa a jikin keken kansa: doguwa a bayan sirdi, wata a cikin alwatikar firam, wata kuma a gaba tsakanin lanƙwasassun hannayen nan masu kama da ƙahon rago, waɗanda zan riƙa kira ƙaho. Irin wannan shiri ya samo asali ne daga masu hawan duwatsu, sannan tseren dogon zango na ɗauki-kayanka ya shigo da shi kan kwalta, musamman tun daga 2013, shekarar da Mike Hall ya fara gasar ratsa nahiyar Turai daga Landan zuwa Istanbul. Hotunan mahayan irin wannan gasa su suka ruɗe mu, domin ganin kekunansu sun yi kama da namu sai muka ɗauka cewa ɗaura jaka kawai ya rage.

Saboda haka muka fara da abin da ya kamata a ƙare da shi. Muka sayi jakunkuna iri ɗaya, kowa uku: ta sirdi mai lita 14, ta gaba mai lita 9, da ta rabin firam mai lita 4. Ba mu ɗauki tef mun auna komai ba, hankalinmu duk yana kan sikeli, muna ta lissafin yawan giram na jakar barci da na tabarma.

Tafiyar gwaji

Mako uku kafin ranar tashi muka fita gwaji na kwana ɗaya, kilomita 90 zuwa, 90 dawowa. Wannan ita ce dabara ɗaya da muka yi daidai tun farko, kuma a cikinta ne duk aibin shirin ya fito.

Ba mu yi awa guda ba muka sauka daga kwalta zuwa burji mai gargada. Ina gaba, sai na ji ƙanena ya ce, “Yaya, ka ji wani ƙauri kuwa?” Da muka tsaya sai muka ga ƙasan jakar sirdinsa ya huje, huda kamar faɗin babban yatsa, bakinta ya narke ya yi baƙi, har ana hango jakar barcin da ke ciki. Duk lokacin da keken ya faɗa rami jakar kan sunkuya ta taɓa taya, su kuma ƙurajen tayar kuros suna kankare ta kamar zarto. Tawa jakar, wadda ba ta da bambanci da tasa ko kaɗan, tana can sama da tazarar da hannu zai shige a kwance.

Dalilin yana cikin ƙirar kekunan. Tseren kuros gajere ne, na manyan maza awa guda ne, kuma a cikinsa mahayi kan sauka ya saɓa keken a kafaɗa ya haura tudu ko matakala da gudu. Don haka ake yin bututun sama, wato wanda ya tashi daga ƙarƙashin sirdi zuwa gaban keke, a miƙe, alwatikar ta yi faɗi yadda kafaɗa da hannu za su shiga ba tare da wahala ba. Abin da hakan ke haifarwa shi ne sandar sirdi ba ta fitowa da yawa, balle ga mahayin da ba shi da tsawo. A keken ƙanena, daga ƙarfen ƙarƙashin sirdi zuwa saman taya santimita 15 ne kawai, alhali jaka mai wannan girma tana neman wajen 20 idan an cika ta. Nawa keken kuma bututun samansa ya gangaro baya, sandar sirdi ta fito sosai, tazarar ta kai santimita 23, amma alwatikar ta matse, ta yadda da na ɗaura jakar rabin firam sai gorar ruwan da ke bututun sirdi ta ƙi fita sai na tsaya na kwance maɗauri. Wurin da ɗaya ke da yalwa, nan ɗayan ke da ƙunci, mu kuwa mun ɗora musu kaya iri ɗaya.

Nawa rabon ya zo a hawan farko mai tsauri. Hannun burki na Shimano shi ne kuma hannun giya, ana tura shi ciki ne sarƙa ta hau babban faifai a sami sauƙi. Na tura, sai ya tokari jakar gaba ya tsaya a rabin hanya, na sake turawa da ƙarfi, jakar ta lotsa kaɗan amma giyar ba ta shiga ba, ƙarshe na sauka na tura keken da ƙafa. Faɗin ƙahona santimita 42 ne, amma da na auna daga baya, bayan an cire kaurin ƙahon da wurin da hannayen biyu ke lilo ciki, abin da ya rage wa jaka bai kai santimita 30 ba. A shago jakar ta shiga tsaf, domin babu wanda ya sauya giya a lokacin.

A gangaren da ya biyo baya, da gudu ya kusa kilomita 50 a awa, gaban kekena ya fara kaɗawa hagu da dama da sauri, irin rawar nan da ke ƙaruwa idan mutum ya ƙanƙame ƙaho don tsoro. Na matse bututun sama da gwiwoyina, na ɗan ɗaga daga sirdi, rawar ta lafa. Keken bai taɓa yi mini haka ba a shekarun da na yi da shi. Abubuwa biyu suka haɗu: jakar gaba tana reto don maɗauranta sun saki, ga kuma nauyi a can ƙarshen jakar baya, inda na cusa kayan gyara don su yi sauƙin ɗauka, yana kaɗa keken kamar wutsiya.

Muka dawo da jerin matsaloli, kuma babu ɗaya a ciki da sikeli zai iya nunawa. Daga nan muka sake tsarin aikin: taya tukuna, sai giya, sai zaman mahayi, jaka a ƙarshe.

Taya

A nan keken kuros ya fi ƙarfin nawa nesa ba kusa ba. Tun 2010 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ƙayyade cewa tayar gasar kuros kada ta wuce milimita 33, amma masu ƙera firam kan bar fili fiye da haka don kada laka ta toshe wili. Wannan filin da aka bar wa laka shi ne ribar matafiyi. Muka cire tayoyinsa masu ƙuraje, waɗanda kan kwalta ba abin da suke yi sai gurnani da cin ƙarfi, muka saka masu santsin tsakiya na milimita 35, marasa tub, da ruwan gam mai toshe huda a ciki, kuma har yanzu da sauran fili a kowane gefe. Iskar da ya tsaya a kai ita ce bar 3.2 a gaba, 3.5 a baya, bar kuwa shi ne ma'aunin matsin iska.

Nawa kuwa ya zo da taya 25, kuma burkin matsi na keken tsere bai cika karɓar abin da ya wuce 28 ba. Na sayi taya mai rubutun 28 na saka, ta shiga, wili yana juyawa, na ɗauka an gama. Sai da na fita kan tsakuwa na fara jin wata ƙara, ƙyas-ƙyas, ƙananan duwatsun da suka manne wa taya suna gogar ƙasan burki. Da na sa ma'auni sai na ga tayar ta buɗe ta kai kusan 30, domin lambar da ke jikin taya ba ta tabbata sai an san faɗin cikin gargaren da aka ɗora ta a kai, kuma gargare mai faɗi yakan ƙara mata. Tazarar da ta rage a ƙarƙashin burki milimita 2 ce. Ƙa'idar ingancin kekuna ta duniya, ISO 4210, ta nemi a bar aƙalla milimita 4 tsakanin taya da firam a keken tsere, kuma wannan ba tsanani ba ne, domin wili yakan lanƙwasa idan an taka da ƙarfi, tsakuwa kuma ba ta jin kunyar kabon. Hanya mafi sauƙi ta gwadawa ita ce a ɗauki makullin alan mai lamba 4 a zura shi ta ko'ina tsakanin taya da firam: ƙarƙashin burki, cikin fok, wato ƙafafun da ke riƙe wilin gaba, da tsakanin ƙafafun baya kusa da feda. Inda ya ƙi shiga, tayar ta yi girma. Na koma kan wata taya da ta tsaya a 28 na gaskiya, mai kaurin gefe, da tub a ciki, iska bar 4.8 a gaba, 5.2 a baya.

Mutane da yawa kan ƙara iska idan sun ƙara kaya, har su kai ƙarshen abin da aka rubuta a jikin taya. Ƙari kaɗan a baya daidai ne, amma taya mai tauri kamar dutse kan hanyar da ba ta da santsi tsalle take yi, ƙarfin da ya kamata ya tura keke gaba sai ya tafi wajen girgiza mahayi. Haɗarin da ke ɗaya ɓangaren shi ne idan iska ta yi kaɗan gargare yakan cije tub a bakin rami ya bar huda biyu a jere. Tsakanin waɗannan biyu, taya 28 ba ta ba mutum wurin motsi da yawa, taya 35 kuwa tana bayarwa.

Giya

Wannan ne wurin da lissafi ya fi amfani, kuma wurin da keken kuros, duk da kamanninsa na ƙarfi, ya fi nawa rauni. Kekena yana da faranti biyu a gaba, mai haƙora 50 da mai 34, sai kaset, wato jerin faya-fayan giya da ke jikin wilin baya, daga mai haƙora 11 zuwa mai 28. Kewayen wili mai taya 28 kusan mita 2.14 ne, don haka a giya mafi sauƙi juyin feda ɗaya yana kai ni mita 2.6. Idan ina so ƙafata ta riƙa juyi 70 a minti, wanda ƙasa da shi gwiwa ke fara kuka, to dole in yi kilomita 11 a awa. Ni da keke da kaya da ruwa mun kai kilo 95, kuma ɗaga wannan nauyi a hawa mai kashi 10 cikin ɗari da wannan gudu yana cin wat 280 ko fiye. Zan iya riƙe haka na 'yan mintoci da safe, amma ba a yammacin kwana na uku ba. Da kaset mai kaiwa 34, juyi ɗaya ya koma mita 2.14, gudun ya sauka zuwa kilomita 9 a awa, ƙarfin da ake bukata ya sauka zuwa wajen wat 230. Bambancin nan na wat hamsin shi ne bambancin hawa da turawa.

A kwatanta wannan da abin da muka ɓata mako biyu a kai. Kilo ɗaya cikin kilo 95 kashi ɗaya ne cikin ɗari da ɗan ɗori, wato a wannan hawan bai kai wat uku ba. Ba ina nufin a yi sakaci da nauyi ba ne, domin kilo-kilo ne ke taruwa su zama goma, amma wanda ya yanke hannun buroshin haƙori don rage giram alhali kaset ɗinsa yana tsaye a 28, ya kama reshe ya bar tushe.

Sauya kaset ya jawo wasu sauye-sauyen. Na'urar canji ta baya da ke kekena gajeriya ce, iyakarta haƙora 30, sai da na saka matsakaiciya wadda ke ɗaukar 34, sannan sabuwar sarƙa mai ƙarin tsawo, domin idan sarƙa ta gaza a haɗuwar babban faranti da babban faifai tana iya fizge na'urar gaba ɗaya. A keken ƙanena farantan 46 da 36 ne, haɗin da aka saba a kuros, inda hawan da ya fi ƙarfin giya da ƙafa ake haura shi da keke a kafaɗa. Da kaset mai ƙarewa a 28 da taya 35, juyinsa ɗaya mita 2.8 ne, wato ya fi nawa tauri. Muka cire farantin 36 muka saka 34, wanda ya hau ramukan noti ɗaya ba tare da wata dabara ba, muka saka kaset mai kaiwa 32, iyakar abin da na'urarsa ke ɗauka, juyin ya sauko mita 2.3. Ya fi ni rashin nauyi da kilo goma, don haka ya wadatar. Game da giyar gudu babu wanda ya damu, 46 da 11 sun ishi duk wanda ke ɗauke da kaya.

Zama, ƙafa da hannu

Sirdi ba mu taɓa ba, domin sabon sirdi kafin doguwar tafiya neman fitina ne. Abin da muka taɓa shi ne gaba. Bayan gwaji na tashi da ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun mutu murus, alamar cewa jijiyar da ke bi ta gefen tafin hannu ta daɗe a danne. Na juya wuyan ƙaho ya kalli sama, wanda ya ɗaga hannuna da kusan santimita biyu, na ƙara wa ƙahon naɗin tef na biyu a kan na farko. Notin da ke matse kabon kuwa sai da sifana mai auna ƙarfi, a bi lambar da aka rubuta a jikin wurin, wadda yawanci take tsakanin 4 zuwa 6, domin matsa shi da ƙiyasin hannu shi ke fasa shi. Fedar tsere ma na cire, na ari irin ta ƙanena mai noti biyu, wadda ƙarfenta ke lume cikin tafin takalmi, don mutum ya iya takawa kamar kowa, kada kuma ya ɗauki takalmi na biyu.

Jakunkuna, bayan an auna

Sai yanzu muka koma kan jaka, kuma a wannan karon da kwali da almakashi muka fara. Muka manna kwali a jikin kowane firam muka zana siffar alwatikar, muka yanka, muka yi alamar inda notin gora da wayoyi suke.

Ƙanena ya rabu da babbar jakar sirdi, ya koma kan ƙarama mai lita 8, wadda ba ta ɗauki komai ba sai tufafi da tabarmar hurawa. Abin da ya rasa a baya ya samu a tsakiya, domin alwatikarsa ta ɗauki cikakkiyar jaka, ya saka buhun ruwa mai lita 2 a ƙasanta da bututun sha, kayan gyara da famfo da abin ci a sama. Wannan ya magance wata matsalar kuma, domin firam ɗinsa mazaunin gora ɗaya kawai yake da shi, wasu na tsere ma ba su da ko ɗaya, tunda gora tana hana saɓa keke. Wurin nan na tsakiya, ƙasa-ƙasa tsakanin wili biyu, shi ne inda nauyi ya fi ɓacewa, har mahayi ya manta da shi.

Abu biyu suka ba mu aiki a kekensa. Na farko, wayoyin giya da na burkin baya suna bi ta saman bututun sama ne tsirara, an kai su can don su kauce wa laka da kafaɗa. Duk maɗaurin da aka naɗa a kansu zai danne su giya ta yi nauyi, don haka sai da muka zura kowane maɗauri ta ƙarƙashin waya, muka kuma haƙura da ƙaramar jakar nan da ake ɗorawa a saman bututun. Na biyu, burkinsa kantiliba ne, irin wanda kusan kowane keken kuros ke da shi kafin UCI ta halatta burkin faifai a gasar a 2010. Wayar burkin gaba tana saukowa tsirara daga ƙarƙashin wuyan ƙaho zuwa saman taya, daidai inda jakar gaba ke jingina, kuma a gwaji jakar ta tura ta har burkin ya riƙa gogar gargare. Muka mayar da matokarin wayar daga sama zuwa kan fok, ta yadda kuben waya ya rufe ta har ƙasa. A banza kuma muka sami wata riba, karkarwar da fok ɗinsa ya saba yi idan an taka burki da ƙarfi ta tafi.

Ni na riƙe babbar jakar sirdi amma na sake tsarin cusa ta. Abu mai nauyi da tauri ya koma can ciki jikin sandar sirdi, mai laushi ya biyo baya, a danna kowane kashi da dunƙulen hannu har jakar ta zama kamar guntun itace, domin jakar da ba ta cika tam ba ita ke lilo. Kayan gyara suka koma jakar rabin firam. Mazaunan gora na sauya da masu fita ta gefe, na sa gajeriyar gora mai rabin lita a bututun sirdi. A gaba ban bar komai ba sai jakar barci da mayafin ruwa, na naɗe bakin jakar daga kowane gefe har faɗinta ya koma santimita 28, na sa soso mai tauri tsakaninta da ƙaho don yatsu su sami mashiga, kuben wayoyi kuma kada su karye, sannan na ƙara maɗauri na uku da ya zagaya wuyan firam ya hana ta reto. Tazarar da ke tsakanin ƙasanta da tayar gaba na auna ta da jakar a cike, ina danna ta da hannu, na bar yatsa uku.

Kafin a ɗaura komai, duk inda maɗauri zai taɓa firam mun lulluɓe shi da tef mai kauri marar launi. Maɗauri shi kaɗai ba ya cin fenti, ƙurar da ke shiga ƙarƙashinsa ce ke mayar da shi sanfefa, kuma a firam na kabon idan fenti ya ƙare abin da ke biye shi ne jikin keken. Haka kuma mun ƙi shawarar da aka ba mu ta ɗaura mazaunin gora a ƙafafun fok da zoben ƙarfe mai matsewa, domin fok ɗin kabon da ba a yi masa ramin noti ba, ba a yi shi don a matse shi ta gefe ba. Batun wuta bai ɗauke mu lokaci ba. Cibiyar wili mai ba da lantarki, wadda ke fitar da wat 3, ta dace da mai tafiyar dare da rana, amma ga kwana huɗu da masauki a tsakiya, fawa-bank ɗaya ga kowa ya ishi waya da fitila. Risho da tukunya muka bari a gida. Da aka ɗora a sikeli, kayana sun tashi kilo 5.8, nasa 5.4.

Abin da tafiyar ta nuna

A kwana biyun farko, waɗanda kusan duk kwalta ne, kekena ya fi sauƙin gudu, amma bambancin bai kai yadda na yi zato ba, domin da zarar ƙanena ya laɓe a bayana iska ta daina dukansa, sai mu tafi tare. Rawar gangara ba ta dawo ba ko sau ɗaya, giya kuma ta shiga duk lokacin da aka neme ta. Hawan da ya fi tsawo ya zo a yammacin kwana na biyu, na hau shi a 34 da 34 daga ƙasa har sama ina zaune, ina kuma tunanin cewa da akwai faifai mai 36 da na yi amfani da shi.

A burji ne lissafin ya juya. Inda tsakuwa ta yi zurfi ƙanena wucewa kawai yake yi, ni kuwa ina zaɓen layi kamar mai tafiya a kan ƙwai, hannuwana suna shan girgiza. Na yi faci sau biyu a rana ɗaya, duka biyun cizon gargare ne a tayar baya. Shi ƙaya ta huda shi sau ɗaya, ruwan gam ya fesa ɗan fari a jikin jakar sirdi ya toshe, bai ma sauka ba.

Kuskuren da ya rage mini shi ne wili. Nawa na tsere ne, sifok 20 a gaba, 24 a baya, nasa kuwa 32 kowanne. Na san haka tun kafin tashi, na ce kilo shida ba wani abu ba ne. A kwana na uku, a wata gangara mai gargada, na ji ƙas a baya, nan take wili ya karkace har taya ta fara shafar ƙafar firam ta dama. Wili mai sifok da yawa idan ɗaya ya tsinke sauran kan raba nauyin, a buɗe burki kaɗan a ci gaba. Mai sifok kaɗan kuwa kowane ɗaya yana riƙe da babban yanki na gargare, ga shi kuma filin da ke tsakanin tayata da firam milimita huɗu ne kacal, karkacewar ta cinye shi duka. Ƙanena ne ya nace tun a gida sai na manna sifok biyu na ajiya a jikin sandar famfo, na yi masa gardama na ƙarshe na bi. An yi sa'a wanda ya tsinke na ɓangaren hagu ne, inda ba sai an cire kaset ba. Muka cire taya, muka zura sabo, muka riƙa ɗaurewa rubu'in juyi rubu'in juyi muna duban tazarar gargare da robar burki, har ya miƙe yadda zai wuce. Aikin ya ci minti arba'in, shi kuma bai ce komai ba sai da muka hau, sannan ya ce, “Yaya, saura ɗaya fa.”

Da muka dawo muka kwance jakunkuna, tef ɗin da ke wuyan firam ɗina ya cinye har ya kusa hujewa a wuri biyu, fentin da ke ƙarƙashinsa kuwa lafiya lau. A ƙafar baya ta dama, inda ban sa tef ba don ban zaci wani abu zai taɓa wurin ba, akwai tabo mai tsawon gaɓar yatsa da taya ta bari a 'yan mitocin da na yi kafin in tsaya. An duba, fenti ne kawai ya tafi. Kaset mai 34 da wuyan ƙahon da ke kallon sama na bar su yadda suke, na kuma ba da a ɗaura mini wilin baya mai sifok 32. Ƙanena ya mayar da tayoyinsa masu ƙuraje don kakar tsere, amma farantin 34 da matokarin burkin da ke kan fok suna nan a kekensa.